Kyanwa a Gidan Musulmi: Tarihinta da Haƙƙin da ke Wuyan Mai Ita

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu, tsira da aminci su tabbata ga Manzon rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Dalilin wannan rubutu wani abu ne da ya faru a gidana a nan Bunkure, a damunar 2024. Ina da wata mage da na ɗauko tana 'yar ƙarama, don ta tsare mini buhunan shinkafa daga ɓarnar ɓera. Ta yi aikinta, amma da ta girma sai ta koyi tsallaka katanga. Cikin mako guda ta cinye wa wata tsohuwa maƙwabciyata 'yan tsaki biyar. Tsohuwar ta same ni bayan sallar Asuba ta ce, "Malam, kai ne mai koya wa 'ya'yanmu haƙƙin maƙwabtaka, ga shi dabbarka tana neman ƙarar da ni." Na ce, "Ki yi haƙuri Iya, laifin nawa ne." Da labarin ya kai makaranta, wasu ɗalibaina suka ce in ba su ita su cusa a buhu su jefa a kanal, a huta. Wannan shawara ta fi ɓarnar magen tayar mini da hankali, ita ce kuma ta sa na koma littattafai don in ga yadda magabata suka zauna da wannan dabba.

Asalin magen gida wata kyanwar daji ce da ake samu a Afirka da Gabas ta Tsakiya. Lokacin da ɗan Adam ya fara noma yana tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, ita kuma ta biyo ɓerayen, sai manomi ya ga amfaninta ya ƙyale ta. A shekarar 2004 masu binciken kufai suka bayyana wani kabari a tsibirin Ƙubrus mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa dab da juna. Tsibirin ba shi da kyanwa tun asali, wato a jirgin ruwa aka kai ta. Daga baya Misirawan dauri suka wuce gona da iri, suka yi gunki mai kan mage suna bauta masa. Abin lura a nan shi ne, saboda farauta muka karɓe ta tun farko. Halin da muke yaba mata a ɗakin ajiya shi ne dai halin da muke zaginta a kansa a bakin akurki, domin a wurinta ɓera da ɗan tsako duk abin kamu ne.

Wannan tsohon labari ya maimaita kansa a ƙasarmu. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwanta kuma ya biyo magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. A da manomi kan girbe gero da dawa sau ɗaya a shekara ya zuba a rumbu. Da noman rani ya kafu, sai aka samu shinkafa da alkama da masara da tumatir, gona ba ta rabuwa da amfani, gida ba ya rabuwa da buhu. Inda abinci ya yawaita kuwa ɓera ba ya ƙaura. Ɓarnarsa ba ta tsaya ga hatsi ba, domin wani nau'insa ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969. Saboda haka mage a gidajenmu ma'aikaciya ce, kuma ma'aikaci yana da haƙƙi.

Musulunci ya sanya ta a matsayinta, bai ɗaukaka ta kamar Misirawa ba, bai kuma wulaƙanta ta ba. Imam Malik (ya rasu 179 bayan Hijira) ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada, Allah Ya yarda da shi, ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, matar ɗansa Kabsha tana kallo da mamaki, sai ya sanar da ita cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya kore najasa daga kyanwa, ya lissafa ta cikin masu shige da fice a gida. Tirmizi kuma ya ruwaito yadda Abu Huraira ya sami alkunyarsa: yana kiwon dabbobin gidansu yana da 'yar kyanwa, da dare ya ajiye ta a kan bishiya, da rana ya tafi da ita. Ku lura, ya san inda kyanwarsa take dare da rana, abin da ni ban sani ba game da tawa. Sai kuma hadisin Buhari da Muslim da kowa ya haddace, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Amma labarin da ake yaɗawa a intanet, cewa Annabi yana da kyanwa mai suna Mu'izza har ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashe ta daga barci, ba shi da ingantaccen isnadi, kada ku tura shi gaba. Abin da ya inganta ya ishe mu.

Matsalata da maƙwabciyata kuwa ta girmi shekara dubu. Ibnu Hallikan ya ba da labarin Ibnul Allaf, wani makahon mawaƙi na ƙasar Iraƙi, abokin hirar Halifa Mu'utadid, wanda ya rasu wajen shekara ta 318 bayan Hijira. Yana da muzuru da yake so ƙwarai, amma muzurun ya saba shiga ɗakunan tantabarun maƙwabta yana cinye 'ya'yansu. Da abin ya ishe su sai suka kama shi suka kashe, shi kuma ya yi masa doguwar waƙar ta'aziyya da ta shahara a adabin Larabci. Wasu ma sun ce fakewa ya yi da muzurun don ya yi kukan abokinsa Ibnul Mu'utaz, wanda aka kashe a 296 bayan Hijira, saboda tsoron masu mulki. Ko ma yaya ne, ni darasin da na ɗauka shi ne, so ba tare da tsaro ba shi ya kai dabbar ga halaka.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. A Muwaɗɗa akwai hukuncin da aka yanke lokacin da raƙumar Barra'u bin Azib ta yi ɓarna a gonar wani: masu gona su tsare gonarsu da rana, abin da dabba ta ɓata da dare kuma mai ita ne zai biya. Wannan hukunci manomanmu sun san shi a kan shanu da awaki. Game da kyanwa kanta, Imam Nawawi na mazhabar Shafi'iyya ya rinjayar a littafinsa Minhaj cewa idan an san ta da ɓarnar tsuntsaye ko abinci, to mai ita zai biya, da dare ta yi ko da rana. Idan kuwa ba a san ta da haka ba, babu biya. Hikimar a fili take: ɓarnar farko tsautsayi ce, ta biyu sakacin mai dabba ne.

A shekarar da Nawawi ya rasu, 1277 Miladiyya, a cikinta ne Sarkin Misira Zahir Baibars ya rasu. An ruwaito cewa wannan sarki, wanda ya yaƙi Mangol da mayaƙan Salibiyya, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da magunan da ba su da masu su. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Edward Lane, a littafinsa na 1836, ya ce a zamaninsa an riga an sayar da lambun, amma Alƙalin birnin ya ci gaba da sa a zuba wa maguna abinci kullum da la'asar a harabar kotu. Sama da shekara 500 ke nan bayan mai waƙafin. Ku kwatanta wannan da yaron da ke jifar baƙar mage yana cewa mayya ce ko aljana, zancen da ba ya halatta jinin dabbar da ba ta yi masa komai ba.

To, me na yi da tawa? Na biya Iya kuɗin 'yan tsakinta, ta ƙi karɓa har sau biyu, na roƙe ta don Allah sannan ta karɓa. Na sayo ragar waya muka gyara bakin akurkinta ni da ɗalibai biyu daga cikin masu shawarar buhu. Na gane kuma cewa na daɗe ina zaluntar magen da tunanin nan na mutanenmu, cewa in ka ƙosar da ita ba za ta kama ɓera ba. Wannan kuskure ne, ƙosasshiyar mage ma tana farauta, yunwa dai ita ke ƙara tura ta gidan mutane. Yanzu ina ba ta abinci safe da yamma, in an yi Magariba in rufe ta a ɗakin ajiya da ruwan sha da kwanon yashi don bayan gida, in buɗe ta bayan hantsi, domin da magariba da asuba ne farautarta ta fi tsanani. Na hana yara dukanta, saboda mage ba ta haɗa dukan yanzu da laifin ɗazu, sai dai ta koyi tsoro da yaƙushi. Na kai ta wurin likitan dabbobi aka yi mata rigakafin ciwon haukan kare, domin mage ma tana kamuwa da shi tana kuma yaɗa shi. Kwashe kashinta na ɗauke wa maiɗakina lokacin da take da juna biyu, domin akwai ƙwayar cuta a cikinsa da kan cutar da ɗan tayi.

Ba zan ce ta zama kyanwar Lami ba, har yau takan haye tabarmar karatu ta kifar mini da shayi. Amma tun daga lokacin ba ta sake taɓa kajin kowa ba.

Ya ɗan uwana, kafin hoton 'yar mage a waya ya burge ka ka ɗauko ta, ka tambayi kanka: wa zai ciyar da ita in ka yi tafiya? Cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara, ina za ka kai 'ya'yan? In ta yi ɓarna a maƙwabta, za ka biya? Idan abin ya fi ƙarfinka, ka nema mata wanda ke buƙatarta, masu shagunan hatsi da injinan casar shinkafa ba su ƙi ba. Ba a tilasta maka riƙe ta ba, amma ranar da ka riƙe ta haƙƙi biyu sun hau wuyanka, nata da na maƙwabcinka, kuma za a tambaye ka dukkansu.

Allah Ya sa mu cikin masu jinƙan halittunSa, Ya yafe mana abin da muka gaza. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum warahmatullah.