Masu Auna Littattafai: Daga Landan Zuwa Samaru

A 1928 wata cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka da ke Landan ta fara buga mujallar Africa. Cikin shafukanta akwai fagen sharhi: littafi ya fito a kan wata al'umma, sai a miƙa wa wani masani ya karanta, ya faɗi inda marubucin ya dace da inda ya yi tuntuɓe. A nan sunan mai bincike ke tashi, a nan kuma yake faɗuwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne littattafai kan Hausawa suka yawaita a wannan fage. M. G. Smith, mutumin Jamaika, ya zauna a ƙasar Zazzau daga 1949 zuwa 1950 yana bin diddigin sarautu. Matarsa Mary kuwa ta shiga cikin gida, inda baƙo namiji ba ya leƙawa, ta zauna da wata dattijuwa mai suna Baba tana rubuta abin da dattijuwar ta gani a rayuwa: aure da kishi, ƙawance, bori, harin bayi, har zuwan Turawa. Littafin Mary, Baba of Karo, ya fito a 1954, na mijinta kuma, Government in Zazzau, a 1960. Abner Cohen ya biyo baya a 1969 da labarin fataken goro da shanu na Sabo a Ibadan, sai Polly Hill a 1972 da manoman Batagarawa.

Abin takaicin shi ne, masu yanke hukunci kan waɗannan ayyuka galibi Turawa ne, su rubuta, 'yan'uwansu su auna. Ita Baba ma ta rasu a 1951, ba ta ga littafinta ba.

Daga Samaru aka fara mayar da martani. A sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke can, Abdullahi Smith ya tarbiyyantar da ɗalibai masu komawa ga takardun Larabci da bakin dattawa. Yusufu Bala Usman, wanda littafinsa kan Katsina ya fito a 1981, ya ƙi yarda a taƙaita tarihin ƙasar Hausa a kan rigimar Haɓe da Fulani. A ganinsa wannan rabo yana rufe sana'o'i, ƙaura da dangantakar birni da ƙauye. Kuma ya yi gaskiya.

M. G. Smith ya rasu a 1993. Da littafinsa Government in Kano ya fito a 1997, ya tarar da malaman Jami'ar Bayero sun daɗe suna tonon tarihin birnin da kansu.