Jeffrey Gordon

Jeffrey Gordon likita ne kuma masanin kimiyya ɗan Amurka, an haife shi a shekarar 1947. Farfesa ne a Jami'ar Washington da ke St. Louis, kuma ya yi fice wajen binciken ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin hanjin ɗan Adam da alaƙarsu da abinci. A 2006 tawagarsa ta nuna cewa ƙwayoyin hanjin ɓera mai teɓa, idan aka zuba su a cikin wani ɓeran, sukan ƙara masa kitse. A Bangladesh kuwa, shi da abokan aikinsa sun haɗa abincin yara masu tamowa daga gyaɗa, waken suya, ayaba da wani nau'in wake. Ya karɓi lambar yabo ta Copley a 2018.