Yusufu Bala Usman da Tarihin Katsina

Dakta Yusufu Bala Usman (1945–2005) masanin tarihi ne da ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. An haife shi a Musawa, jinin sarautar Katsina ne: mahaifinsa Durɓin Katsina, kakansa kuwa Sarki Muhammadu Dikko. Ya yi karatu a Jami'ar Lankasta da ke Ingila, ya koyar a Kwalejin Barewa, sannan ya kammala digirinsa na uku a 1974 a hannun Farfesa Abdullahi Smith.

Wannan binciken ne ya zama babban littafinsa, The Transformation of Katsina, 1400–1883, wanda aka buga a 1981. A ciki ya bi diddigin yadda tsarin sarauta ya kafu a birnin Katsina tun zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, yadda fatauci da noma da kwararowar baƙi suka raya birnin, da yadda malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani suka sami gindin zama a ƙarni na 17. Kafin shi, marubuta da dama suna ba da labarin jihadin 1804 a matsayin yaƙin Fulani da Haɓe kawai. Bala Usman ya ƙi wannan fassara. Ya nuna cewa abin da ya kayar da gwamnatin birnin a 1807, har Ummarun Dallaje ya hau sarauta, rikici ne da ya daɗe yana ruruwa tsakanin masu sarauta da malamai da talakawa da makiyaya a kan haraji, ƙasa, shari'a da hurumin addini, kuma kowane ɓangare ya haɗa mutanen asali daban-daban. Ko mutum bai yarda da duk hujjojinsa ba, da wuya a yau a rubuta tarihin Katsina ko na Maraɗi, inda tsofaffin masu mulkin suka koma, ba tare da an bi ta kansa ba.

Bai ɗauki kowace majiya a matsayin yankan wuƙa ba. Ya tsefe bayanan Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Katsina a 1851, yana tambayar wa ya faɗa masa, da wane harshe, kuma don me. Haka ya yi wa wani masanin, M. G. Smith, a kan rarraba mutane gida-gida bisa ƙabila. Ɗalibansa na Zariya sun gaji wannan tarbiyya.

Abin da ya gano a tsohon tarihi shi ya ɗauko ya auna siyasar zamaninsa da shi. Yana cikin kwamitin rubuta tsarin mulki da aka kafa a 1975, inda shi da Segun Osoba suka fitar da rahoton marasa rinjaye. Ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP. A littafinsa The Manipulation of Religion in Nigeria, 1977–1987 ya duba shekarun da suka haɗa da muhawarar shari'a a majalisar tsara tsarin mulki, tarzomar Maitatsine da ce-ce-ku-cen shigar Najeriya ƙungiyar OIC a 1986. Hujjarsa ita ce, wasu manya daga cikin Musulmi da Kirista suna fakewa da addini don kare dukiya da mulki, talakan masallaci da na coci kuma su ne ke kwana a ciki. An zarge shi da rage wa imani nauyi da fifita tattalin arziki, amma ya yi wannan magana a lokacin da faɗinta ke jawo wa mutum baƙin jini a gida.

Daga baya ya jagoranci cibiyar bincike ta CEDDERT a Zariya, kuma a 2000 shi da Alkasum Abba suka fitar da The Misrepresentation of Nigeria. Ya rasu a watan Satumba na 2005. Gwamnatin Jihar Katsina ta sa sunansa ga wata kwaleji a Daura.