Musabaƙar Ɗalibai a Samaru da Hukuncin Kasuwa

Tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta darasin sana'a da tijara a kan kowane ɗalibi daga zangon karatu na 2007/2008, malamai ke jayayya kan mas'ala guda, wato ko ana iya koyon ciniki a cikin aji. Masu ganin aji bai wadatar ba sun jingina ga musabaƙa da baje kolin ƙirƙira, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, domin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da suka ƙera mota don gasar Shell Eco-marathon, da waɗanda ke shiga gasar Huawei, sun koyi abin da jarrabawa ba ta tambaya: raba aiki bisa adalci, tattalin ɗan kuɗin da ke hannu, cika alkawari kafin wa'adi, da bayyana manufa a gaban alƙalai ba tare da in'ina ba.

Sai dai alƙalin gasa yabo yake bayarwa, ba ya sa hannu a aljihu ya saya, alhali tijara ba ta tabbata sai da mai saye. A nan Samaru, inda jami'ar take, tana da abin koyi a cikin gidanta, domin binciken noma da aka soma a can a 1922, shekara arba'in kafin a kafa jami'ar a 1962, ya daɗe da sabawa da kiran manoma zuwa gonar gwaji su dubi irin dawa, wake da gyaɗa, kuma duk irin da manomi ya ƙi shukawa ya faɗi, komai darajar wanda ya samar da shi.

A ganina haka ya kamata a yi wa ƙirƙirar ɗalibi. Sabon Gari, wanda zuwan jirgin ƙasa ya haifar, ba shi da nisa da Samaru, kuma a kasuwarsa yaron shago kan shafe shekaru ƙarƙashin ubangida yana koyon tayi da sallamawa, da wanda ake ba bashi da wanda ake ce wa albarka, kafin a sallame shi da jari. Da za a zaunar da irin waɗannan 'yan kasuwa cikin alƙalan musabaƙa, a kuma sharɗanta wa kowace ƙungiya ta kasa kayanta mako guda a rumfa, da ɗalibi ya ji tambayar da farfesoshi kan tsallake: nawa ka kashe, nawa za ka sayar, kuma idan ya lalace wa zai gyara?