Garin Da Ba Shi Da Magaji

Dattawa da samari, yau za mu ɗan taɓa tarihin Germantown, wani gari na Jihar Maryland, arewa da Washinton a Amurka. Asalinsa zango ne irin namu. Baƙi Jamusawa suka sauka a mararraba wajen 1840, suka kafa shaguna, sunansu ya bi wurin. Jirgin ƙasa ya iso a 1873, gari ya yi ta bunƙasa, har ƙidayar 2020 ta sami mutum 91,249.

Abin mamaki, duk yawan nan ba su da magajin gari, ba su da majalisar kansu. Gundumar Montgomery ke mulkinsu daga Rockville. Gundumar ta sami majalisarta a 1948, ta zaɓi shugabanta na farko a 1970.

To, yaya kukan talaka ke isa can? Akwai kwamitin shawara na mazauna arewacin gundumar. Shugaban gunduma ke naɗa su, majalisa ta tabbatar, ba albashi. Sukan duba batun hanyoyi da gine-gine da kasafin kuɗi, ƙofa a buɗe ga kowa. Amma fa shawara ce kurum, ba hukunci ba. Nauyinta gwargwadon mutanen da suka cika zauren.

Mu ma 'yan zango wasu ke yanke mana batun famfo da kwata da filin kasuwa. In an kira taro muka zauna gida, wa za mu zarga? Samari, ku raka dattawa, ku rubuta abin da aka faɗa. Allah ya sa mu gane, amin.