Ina Lemon Gundumar Orange Ya Tafi?

Wani mai sauraronmu daga Gusau ya aiko da takarda yana cewa ya ji ana ambaton gundumar Orange ta Amurka, shin lemo ake nomawa a can?

To Malam, mun gode da takardarka. Gundumar Orange dai tana jihar Kalifoniya ne, a bakin tekun Pasifik, kudu da birnin Los Angeles, hedkwatarta kuwa Santa Ana. Ma'anar sunan a Turance lemo, ka ga ba ka yi kuskure ba.

Asalin masu ƙasar su ne ƙabilun Tongva da Acjachemen. Turawan Sifen suka kafa mishan a San Juan Capistrano a 1776, daga baya ƙasar ta koma hannun Meziko, sannan Amurka ta karɓe ta a 1848. Wasu Jamusawa suka kafa garin Anaheim a 1857 suna noman inabi, amma cikin shekarun 1880 cuta ta cinye gonakin, sai manoma suka koma ga lemo. A 1889 aka yanke yankin daga Los Angeles, ya zama gunduma mai cin gashin kanta.

To, me ya kashe lemon? Gidaje ne, Malam. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shimfiɗa manyan tituna, ma'aikata suka riƙa kwana a Orange suna zuwa aiki birni. Manomi ya ga kuɗin fili ya fi na lemo, sai ya sayar. Filin wasan Disneyland ma da aka buɗe a 1955, garkar lemo aka sare aka gina shi. Mutanen gundumar kimanin 216,000 ne a 1950, amma a ƙidayar 2020 sun haura miliyan 3. Cikinsu akwai jikokin 'yan Meziko da suka yi ƙwadagon tsinkar lemo, da mutanen Biyetnam da suka gudo bayan yaƙi a 1975.

Arzikin bai hana tuntuɓe ba. A watan Disamba na 1994 gundumar ta bayyana cewa ta karye, bayan ma'ajinta Robert Citron ya ranto kuɗi ya yi kasada da dukiyar jama'a, aka yi asarar fiye da dala biliyan 1.6. An sallami ma'aikata masu yawa, an kuma shafe shekara fiye da 20 ana biyan bashi.

Yau yawon buɗe ido da kamfanoni da cinikin gidaje ke riƙe da gundumar. Lemo kam, sai dai suna.