Hitar tafkin kifi

Hitar tafkin kifi na'ura ce mai aiki da lantarki da ake sakawa a tafkunan kiwon kifi da na ado domin ɗumama ruwa, ko hana samansa daskarewa gaba ɗaya a lokacin sanyi. An fi amfani da ita a ƙasashe irin su Amurka, Kanada, Ingila da Jamus, musamman wurin masu kiwon kifin koi. Akwai mai yawo a saman ruwa, akwai wadda ake nutsarwa, akwai kuma wadda ake haɗawa da bututun famfo.

Yadda take aiki

A cikinta akwai waya mai ɗaukar zafi da kuma na'urar daidaita zafi, wadda ke kunnawa da kashewa da kanta. Mai yawo a sama ba ta ɗumama tafkin duka. Aikinta shi ne barin kafa a cikin ƙanƙara, ta yadda iskar oksijin za ta shiga, gurɓatacciyar iskar da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa kuma ta fita. Idan kafar ta toshe na kwanaki, kifaye na iya mutuwa.

Matsaloli da gyaransu

Sau da yawa hitar da aka ce ta lalace ƙalau take. Na'urar daidaita zafinta ba ta kunnawa sai ruwa ya kusa daskarewa, don haka a rana mai ɗan ɗumi za a taɓa ta a ji sanyi. Ana gwada ta ne ta hanyar saka ta a bokitin ruwan ƙanƙara na wasu mintuna. Idan ba ta yi zafi ba, sai a duba soket, fis da filogi, sannan a auna wayar zafin da mita bayan an cire ta daga wuta. Hita mai wat 1000 a kan wutar bolt 230 tana nuna kusan om 53. Idan mita ta nuna layin a yanke yake, wayar ta ƙone. Abin da ya fi ƙona ta shi ne barin ta a kunne ba a cikin ruwa ba.

Matsalar da ta fi haɗari ita ce yawan katsewar makunnin kariya, wanda ake kira GFCI a Amurka, RCD a Ingila. Yana yanke wuta idan ta fara zurarewa, a kusan miliamfiya 5 a Amurka, 30 a Turai. Dalilin yakan zama tsagewa a jikin hitar, waya da ɓera ya ciza, ko ruwa a mahaɗar filogi. Cire makunnin don hitar ta ci gaba da aiki ganganci ne, domin wutar na iya kashe wanda ya tsoma hannu a tafkin. Hitar da ta tsage canza ta ake yi.

A ruwa mai yawan kalsiyum, farin ɓawo kan taru a jikinta ya tare zafi, sai ta riƙa kashe kanta da wuri. Jiƙa ta a ruwan khal da goge ta da burushi mai laushi yana cire shi.

Idan tana aiki amma kafar na rufewa, ko ta yi wa tafkin ƙanƙanta, ko iska mai ƙarfi ke kwashe zafin, sai a matsar da ita gefen da ke da kariya. Ba a fasa ƙanƙarar da guduma, saboda girgizar na cutar da kifi. Tukunyar ruwan zafi ake ɗorawa a kai har ta narkar da kafa.